KWALLIYAR DA BA TA BIYAN KUƊIN SABULU: Tsofaffin injinan wanki na Amurka da ɗakunan da ake jera wa jarumai

 Maƙalar wannan makon a kan wanki take. Mun san akwai wanda zai taɓe baki ya ce ina ruwan adabi da kumfar sabulu. To a ɗan ba mu aron kunne, ba za mu bari wankin hula ya kai mu dare ba.

A Amurka akwai wani yayi da ya daɗe yana tashe, na tara tsofaffin injinan wanki da na busar da kaya, musamman waɗanda aka ƙera daga shekarun 1950 zuwa na 1970. Mutum zai bi kasuwar gwanjo da gidajen da tsofaffi suka rasu suka bari, ya sayo inji ruwan hoda, ko ruwan ƙwai, ko shuɗi mai ratsin tsanwa, ya gyara shi, ya goge har yana ɗaukar ido, sannan ya ware masa ɗaki guda. A shimfiɗa tayil baƙi da fari, a rataya labule mai furanni, a jera tsofaffin kwalayen garin sabulu a kan kanta, a ɗauki hoto a watsa a Pinterest da Instagram. A garin Eaton na jihar Kolorado har gidan tarihi ake da shi, inda wani dattijo, Lee Maxwell, ya tara injinan wanki sama da 1,000. Hotunan suna da kyau, wannan babu mai musu.

Amma mu matsayarmu ita ce hotunan nan ƙarya suke yi, kuma ƙaryar tana cikin abin da aka fitar daga hoton. Ku duba ɗakin da kyau. Babu tulin kayan datti, babu zanen fitsarin jariri, babu macen da bayanta ke ciwo. An bar inji da launinsa, an kori mutum da guminsa. Irin wannan ƙaryar ce ta cika littattafan Hausa da dama na wannan zamanin, musamman na onlayin, inda ake kwashe shafi uku ana jera wa jaruma ɗaki, a gama littafi ba a nuna hannun da ke share shi ba. Marubucin da ya saba kallon duniya da wannan idon zai ƙware a jere, amma labari zai gagare shi. Bari mu fara da Amurkar, sai mu dawo gida.

KAFIN INJI

A ƙarni na 19, Litinin ce ranar wanki a gidajen Amurka, Talata kuma ranar guga. Masaniyar tarihi Susan Strasser, a littafinta Never Done na 1982, ta nuna cewa wanki ɗaya, da dafa kaya sau ɗaya, da ɗauraya ɗaya, suna cin ruwa kusan galan 50. A ma'auninmu na nan, kusan jarka takwas ke nan mai cin lita 25. Da hannu ake jawo ruwan, a ɗauko shi, a hura itace a tafasa shi, a cuɗa kaya a kan allon wanki da sabulu mai cin fata, a matse, a shanya, sannan a kwashe ruwan dattin a fitar da shi waje.

Kada a ɗauka labarin zamanin da can ne. A tsakiyar shekarun 1930, kusan gida ɗaya cikin goma na manoman Amurka ne kawai ke da lantarki, shi ya sa gwamnatin Roosevelt ta kafa hukumar kai wuta karkara a 1935. Marubuci Robert Caro, da ya tashi rubuta tarihin shugaba Lyndon Johnson, sai ya tattara ya koma yankin tuddan Teksas inda aka haifi Johnson, ya zauna da tsofaffin matan wurin yana sauraronsu. A juzu'in farko, The Path to Power na 1982, ya ware babi guda sukutum a kan ɗibar ruwa da wanki. Ya nuna yadda kafaɗun matan suka ranƙwafa tun da sauran ƙuruciyarsu, da yadda suke ɗora dutse mai nauyin kusan kilo uku a kan murhun itace a tsakiyar zafi, ya yi zafi su goge riga, ya huce su sake ɗorawa. Guga biyu ce ta cinye su, gugan rijiya da gugar kaya. Ku lura fa, littafin tarihin ɗan siyasa ne. Sai dai Caro ya gane cewa mai karatu ba zai fahimci dalilin da ya sa talakawan yankin suka riƙe Johnson ba, har sai ya ji nauyin bokitin da lantarki ya sauke musu.

Gidan da ke da hali kuwa, ba uwargida ce ke wannan aikin ba. A kudancin ƙasar, bayan an soke bauta a 1865, matan baƙar fata ne suka riƙe wankin gidajen Turawa. Su karɓo kaya a farkon mako, su mayar a ƙarshensa, sabulu da sitaci da itace duk daga ɗan abin da aka biya su. A watan Yulin 1881, mata 20 suka haɗu a birnin Atlanta suka kafa ƙungiyar masu wanki, suka ce daga yau dala ɗaya ce ladan wanke kayan da nauyinsu ya kai laba 12, wato kimanin kilo biyar da rabi. Suka bi gida-gida suna jawo 'yan uwansu, cikin mako uku masu yajin aiki suka kai 3,000. Hukuma ta kama wasu ta ci su tara, majalisar birni ta yi barazanar ɗora musu kuɗin lasisi na dala 25. Matan suka rubuta wa magajin gari cewa za su biya, muddin sana'ar za ta zauna a hannunsu. Daga ƙarshe ba a ɗora harajin ba. Masaniyar tarihi Tera Hunter ta bi diddigin labarin a littafinta na 1997.

A yammacin ƙasar kuma 'yan Sin ne masu wankau. A 1880 birnin San Faransisko ya yi dokar cewa ba a sana'ar wanki a ginin katako sai da izini, alhali kusan duk gidajen wankin birnin na katako ne. 'Yan Sin kimanin 200 suka nema aka yi musu ƙememe, Turawa kuwa aka ba kusan dukkansu. Wani ɗan Sin ya ci gaba da aikinsa, aka ci shi tarar dala 10, ya ƙi biya, aka ɗaure shi. Shari'arsa, wadda aka sani da Yick Wo da Hopkins, ta kai kotun ƙoli a 1886, ya kuma yi nasara. Har yau ɗaliban lauya a ƙasar suna karanta ta. Ashe a bayan farar riga mai sitaci akwai yajin aiki da kurkuku da kotun ƙoli, kuma ko ɗaya ba ya shiga ɗakin nan mai ruwan hoda.

DAGA INA LAUNI YA FITO?

Injin wanki mai lantarki ya shigo kasuwa wajajen 1908, lokacin da kamfanin Hurley na Shikago ya fara sayar da Thor. Maytag na garin Newton a jihar Ayowa ya yi suna da masu aiki da ɗan injin fetur, saboda manoman da ba su da wuta, sannan a 1922 ya fito da Gyrafoam mai farfela a ƙasan tukunya tana kaɗa ruwa. A 1937 Bendix ya kawo wanda zai wanke, ya ɗauraye, ya tsane kaya da kansa. A 1938 kamfanin Hamilton na jihar Wiskonsin ya fara sayar da injin busar da kaya wanda J. Ross Moore ya ƙirƙira, mutumin Dakota ta Arewa, inda sanyi ke daskarar da shanya a kan igiya. Garin sabulun Tide ya biyo baya a 1946. Duk wannan ci gaba ne na gaskiya, kuma akasarin injinan farare ne ko ruwan toka.

Launi daga ofishin masu talla ya fito. Inji mai ƙarko ciwon kai ne ga mai sayar da shi, domin wadda ta saya bana ba za ta dawo ba sai bayan shekaru masu yawa. Masu ƙera motoci sun riga sun samo maganin wannan. General Motors a ƙarƙashin Alfred Sloan ya mayar da sauya fasalin mota al'adar kowace shekara, don ta bara ta zama tsohon yayi. Frigidaire kuwa, mai ƙera firji da injin wanki, mallakar General Motors ne daga 1919 zuwa 1979. A tsakiyar shekarun 1950 Frigidaire da General Electric suka cika kasuwa da kayan gida masu launi: ruwan ƙwai, da shuɗi, da ruwan hoda wanda ya yi tashe saboda shi Mamie matar shugaba Eisenhower ta fi so. Aka yi wa injinan fuska mai fitilu da maɓallai kamar gaban mota. A 1957 Frigidaire ya bar ƙira mai zagayayyen gefe ya koma mai kusurwa, nan take na gidajen mutane suka zama na jiya. Shekarun 1960 suka zo da ruwan tagulla, koren fiya da ruwan zinariya mai duhu suka karɓe shekarun 1970, daga baya aka koma ruwan madara. Kowane launi da ya shigo, aikinsa ya kunyata wanda ya gabace shi. Mai zanen kayan masana'antu Brooks Stevens ne ya yayata sunan dabarar a 1954, wato tsufar da aka shirya da gangan: a cusa wa mai saye sha'awar sabo tun na hannunsa bai lalace ba. A 1960 Vance Packard ya rubuta The Waste Makers yana tona asirin tsarin. Launin da jikoki ke kewa a yau, shi ne tarkon da aka ɗana wa kakanninsu mata.

Sai kuma tambayar wa aka yarda ya shiga ɗakin. Unguwar Levittown da aka fara ginawa kusa da birnin New York a 1947, gidaje sama da 17,000, an sa wa gidajenta injin Bendix tun kafin mai gida ya tare. A takardar yarjejeniyar gidajen akwai sharaɗin cewa wanda ba farar fata ba, ba zai zauna a ciki ba, in ban da masu aikin gida. Jikar mai wankin Atlanta tana iya shiga ta loda wa injin kaya, amma ba ta da ikon mallakar ɗakin da yake ciki.

Duk da haka injin ya zama tutar ƙasa. A ranar 24 ga Yulin 1959, a wani baje kolin Amurka a Mosko, mataimakin shugaban ƙasa Richard Nixon da shugaban Tarayyar Sobiyet Nikita Khrushchev suka tsaya a gaban wani kicin na gwaji mai ɗauke da injin wanki, suka yi ta cacar baki a kan wane tsari ne ya fi sauƙaƙa wa mace rayuwa. Maza biyu sanye da kwat, a gaban injin da ba su ne masu loda masa kaya ba.

TO AN HUTA KUWA?

A nan ne tsugune ba ta ƙare ba. Ruth Schwartz Cowan ta rubuta More Work for Mother a 1983, sunan kansa yana nufin ƙarin aiki ga uwa. Hujjarta ita ce injin ya sauke nauyin da ke kan wasu, ya tattara ragowar a kan mace ɗaya. A da namiji ko yaro kan taya ɗibar ruwa da faskare, mai wanki kan karɓi wani kaso, manyan gidajen wanki na kuɗi su karɓi wani. Da inji ya shigo gida, duk suka watse, aka bar uwargida ita kaɗai. Sannan ma'aunin tsafta ya tashi. Rigar da a da ake sawa kwanaki, yanzu yini ɗaya ta zama datti. Wankin da ke da rana ɗaya a mako ya zama na kullum. Joann Vanek ta wallafa bincike a 1974 da ya nuna matar da ba ta aikin waje tana kashe kimanin awa 52 a mako kan aikin gida a shekarun 1920, a shekarun 1960 kuma kimanin awa 55, kuma wanki na cikin ayyukan da lokacinsu ya ƙaru.

Masu yayin tsofaffin injina suna da tasu hujjar, kuma ba za mu danne ta ba. Suna cewa na da sun fi ƙarko, ƙarfe ne zalla, bel ko famfo in ya lalace kowane makaniki zai sauya, na yanzu kuwa in allon kwamfutarsa ya ƙone sai juji. Akwai gaskiya a ciki. Maytag ma a 1967 ya fito da tallar mai gyaran da ya rasa aikin yi. Amma injin da ya kai shekara 60 yana aiki shi ne wanda ya tsira, sauran 'yan uwansa da suka mutu tuni an narka su, ba sa cikin hoto. Tsohon inji mai buɗewa ta sama yana iya shan lita 150 a wanki ɗaya, jarka shida cif, sabo mai buɗewa ta gaba kuwa bai kai rabin haka ba. Masu robar matse kaya sun murƙushe hannun yara da yawa, har likitoci suka ba raunin suna na musamman. Garin Newton kansa, bayan Whirlpool ya saye Maytag a 2006, an rufe masana'antarsa a 2007, ma'aikata suka rasa abin yi. Masu ɗaukar hoto ba su leƙa can ba.

Kada kuma wani ya tafi da cewa muna ƙin inji. Likitan nan ɗan Suwidin, Hans Rosling, ya yi wata shahararriyar lacca a 2010, inda ya ƙiyasta cewa mutum biliyan biyu cikin bakwai ne kawai ke samun injin wanki, ya kuma ba da labarin yadda injin ya ba mahaifiyarsa lokacin zuwa laburare da karanta masa littafi. Masanin tattalin arziki Ha-Joon Chang ya kai ga cewa injin wanki ya fi intanet sauya duniya. Mun yarda da nauyin abin, kuma nauyin nan ne ya sa muke ƙin a mayar da shi kayan ado. Na'urar da ta sauke jarka takwas daga kan mace, ta raba wata da sana'arta, ta bar wata ita kaɗai a ɗaki, ta fi ƙarfin a tsaya ana yaba fentinta.

MU DAWO GIDA

Ku buɗe littattafai goma na soyayya da ke yawo a wayoyi, ku ƙirga sau nawa jaruma ke sauya kaya. Da safe atamfa, da rana leshi, la'asar doguwar riga, dare kayan barci masu santsi, kowanne da mayafinsa, kowanne an faɗi sunan kamfani da kuɗinsa. Shi kuma gogan kullum cikin farar shadda mai maiƙo, ko ƙura ba ta taɓa shi. Yanzu ku ƙirga sau nawa aka nuna wanki. Wa ke wanke wannan tulin? Wa ke sa bula, wa ke sitaci, wa ke hura gawayi a dutsen guga in an ɗauke wuta, wa ke kai shaddar wajen masu bugu? In marubuci ya tuna, sai ya ce “'yar aiki ta kwashe kayan”, shi ke nan. Ba ta da suna, ba ta da garinsu, ba ta da uwar da ke karɓar albashinta. In kuma ana jeren amarya, sai a ce ga ɗakin wanki can da injina biyu 'yan waje, a wuce. Ba za a sake jin ɗuriyarsu ba har littafi ya ƙare.

Wannan shi ne ɗakin ruwan hodar Amurka da aka sa wa ɗankwali. Kallon kitse ake wa rogo. Marubucin yana ganin ya nuna arziki, alhali takardar farashin kanti ya kwafo. Kuma abin ba a kan takarda yake tsayawa ba. Yarinya mai shekara 17 da ta karanta irin waɗannan littattafai hamsin, da wannan mudun za ta auna ɗakinta da mijinta da mahaifinta. Injin wanki ya riga ya shiga jerin kayan ɗaki a birane. Uba ya ci bashi ya saya don kada dangin miji su yi gori, a kai shi gidan da famfo ba ya kawo ruwa, wuta kuma sai ta ga dama. A rufe shi da ƙyalle, a ɗora masa kwanuka, amarya ta koma kan baho da bokiti. Ga labari nan zaune a tsakar gida yana jiran mai rubuta shi, marubuci kuma yana can yana lissafa sunayen turaruka.

Mun san amsar da za a ba mu: mai karatu ya gaji da wahala, hutu yake nema, ba wa'azin talauci ba. Babu wanda ya ce a daina rubuta masu kuɗi. A rubuta su, a ba su gidan bene da motoci. Abin da muke cewa shi ne daula ba ta da ɗanɗano a bakin mai karatu in bai san abin da ta maye ba. Jarumar da muka ga yatsunta sun tsattsage da garin sabulu a babi na biyu, ranar da ta danna maɓalli ta zauna tana kallon kaya na juyawa a babi na ashirin, mai karatu zai ji abin a ƙirjinsa. Wadda aka haifa a cikin jeren kuwa, ko injina goma aka ba ta, shafi ne kawai ya ƙaru. Wasu kuma za su ce ai gidan masu hali dole akwai masu aiki. Haka ne, kuma masu aikin mutane ne, su suka fi kowa sanin sirrin gidan. Mai wanki yana sanin wanda ya yi kuka a kan filo, da wadda ta yi ɓari ta ɓoye, da rasidin da aka manta a aljihun alhaji.

Manyan marubuta sun daɗe da gane haka. Émile Zola na Faransa, a L'Assommoir na 1877, ya gina littafi guda a kan Gervaise mai wanki, tun daga dambenta da wata mata a gidan wanki na jama'a, zuwa buɗe shagonta, zuwa durƙushewarta. Zora Neale Hurston, baƙar fatar Amurka, ta rubuta gajeren labari Sweat a 1926, a kan Delia wadda wankin Turawa ya gina mata gida, mijinta kuma yake so ya kore ta daga cikinsa. Makamin da ya zaɓa maciji ne a cikin kwandon kayan wanki, kuma shi macijin ya sara. Kwandon da ke ciyar da gidan shi ne ya zama wurin hukunci. A namu adabin, Hajiya Balaraba Ramat Yakubu a Alhaki Kuykuyo Ne na 1990 ba ta ɓoye yadda Rabi ta riƙe 'ya'yanta tara da sayar da abinci ba bayan Alhaji Abdu ya kore ta. Aikin hannun Rabi shi ne ƙashin bayan littafin, an kuma fassara shi zuwa Turanci a 2012.

Saboda haka, malam marubuci, malama marubuciya, kafin ku ajiye kowane kaya a ɗakin jarumarku, ku tsare shi da tambayoyi. Wa ya saye shi, kuma da wane kuɗi? Wa ke taɓa shi kullum? Kafin ya zo wa ke yin aikin, kuma ina wannan mutumin ya tafi? Me ke faruwa ranar da ya lalace? In kayan bai amsa ko ɗaya ba, ku fitar da shi, cunkoso ne. In ya amsa, ga hanyoyi sun buɗe. Akwai almajirin da wankin gidan Hajiya ke ba shi tuwon dare da ɗan na kashewa, sai ga inji ya sauka daga mota. Akwai kishiyoyi biyu da inji ɗaya, wanda iyayen amarya suka kawo, uwargida kuma tana da yara shida. Akwai surukar da ta rantse inji ba ya fitar da dattin wuyan riga, tana bin kayan ɗanta tana sake cuɗawa da hannu, kuma kowa a gidan ya san ba rigar ce ke damunta ba. Akwai igiyar shanya guda ɗaya a gidan haya mai ɗaki takwas, ranar Asabar, hadari ya haɗo daga gabas. Duk cikinsu babu wanda ke buƙatar a faɗi sunan kamfani.

Abu na ƙarshe, a kan kewar zamanin da. Yadda Ba'amurke ke kewar shekarun 1950 ta hanyar fentin inji, haka wasu marubutanmu ke kewar ƙauye: 'yan mata a bakin rafi suna wanki suna dariya, rana na faɗuwa, sarewa na tashi daga nesa. Cuta ɗaya ce, launi ne ya bambanta. Wadda ta taɓa ɗauko tulu daga rafin ta san tsawon hanyar da nauyin jiƙaƙƙen zane a ka. Duk wanda zai rubuta wancan zamanin, ya yi abin da Caro ya yi, ya je ya zauna gaban tsohuwa, ya tambaye ta da me ake wanki kafin garin sabulu ya zo, yadda ake dafa sabulun salo, da wace rana ake fita, da wa ke riƙe mata goyo. Zai dawo da abin da babu shi a Pinterest.

Ga aikin wannan makon. Kowa ya rubuta shafi ɗaya tak, mutum biyu da tulin wanki a tsakaninsu, ɗaya yana da maganar da yake ɓoye wa ɗayan. Sharaɗi: babu sunan kamfani, babu farashi, kuma a ƙarshen shafin mai karatu ya san wa ke da iko a gidan ba tare da an faɗa masa ba. Wanda kuma yake ganin mun zalunci masu jere, fili nasa ne, ya zo da hujja da sunan littafin da jere ya taimaka wa labari, za mu karanta. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.